Ƙyauren Ɗakina Ya Shiga Aji Ɗaya

Benci biyu. Bokitin fenti ɗaya, shuɗi. Wayar wuta mai tsawon yadi ashirin. Agogon bango, babu batir. Furen roba a gwangwanin madara. Ƙyauren ɗakina, ƙusoshinsa a aljihuna. Sai Fanna, 'yata, shekara shida da rabi, a matse tsakanin gwiwata da bokiti.

Abin da keke mai ƙafa uku ya ɗauko ke nan ranar Litinin daga unguwar Yerimaram zuwa Yindiski, a nan Potiskum. Mun wuce layin gidan mai, wanda yake nan inda na bar shi tun Asabar, sai mai keken ya leƙo ni ta madubi.

"Malam, tashi kuka yi daga unguwar?"

"Makaranta za mu."

"Da ƙyaure?"

"Da ƙyaure."

"To, Allah ya ba shi sa'a. Aji nawa zai shiga?"

Ban samu amsa masa ba, don a daidai nan igiyar da ta ɗaure ƙyauren a rufin keke ta kwance. Ya zame ya faɗi a tsakiyar titi. Na yi tsalle na sauka, ƙusoshi suka watse daga aljihuna, masu babur suka kewaye ni suna ba ni shawara ba tare da ko ɗaya ya sauka ba. Fanna ta sauko ta tsaya a gefe, ta ga komai, ba ta ce uffan ba. Ku riƙe wannan shirun, jama'a, don shi ne labarin yau.

Ga yadda aka yi. Bana takarda ta sauko daga sama. Ba zan ce daga wane ofis ba, ofis ne dai mai labule da sanyi. Takardar ta ce duk yaron da zai shiga aji ɗaya sai an auna shi tukuna: me ya sani, me bai sani ba, yana magana ko ba ya yi. Jami'i zai zo, a zaunar da yaro a gabansa, ya yi masa tambayoyi daga cikin na'ura. Yaron da bai buɗe baki ba ko sau ɗaya, akwai gurbi a fom ɗin da aka rubuta: a dawo da shi baɗi. Ita kuma makaranta an umarce ta ta tanadi ɗaki mai shiru, mai wuta, mai ƙofar da ke rufuwa.

Makarantarmu aji huɗu ne da inuwar dogonyaro biyu. Aji biyu ne ke da rufi. Ƙofa mai rufuwa babu ko ɗaya. Ta ƙarshe iska ta tafi da ita damina uku da suka wuce. Tun daga nan awakin unguwa suke halartar darasi, kuma malamai sun shaide su, ba sa fashi.

Ina jinjina wa Mai Girma Sarkin Awon Ƙwaƙwalwa, wanda ya zauna ya tsara wannan abu. Mutum ne mai kaifin ido. Daga ofishinsa ya hango cikin kan yaro, rufin da ke saman yaron ne kawai ya kuɓuce masa. Ya tara hedimastoci kwana uku a otal don bita. Namu, Malam Adamu, ya dawo da jaka mai tambari, da hula mai tambari, da biro mai tambari, da takarda guda, da na'ura faffaɗa kamar faranti wadda suke kira tabulet. Caja ba ta cikin kwalin. An ce cajojin suna wata mota, motar tana hanya.

Ni kuma ga yadda na faɗa ciki. Na yi shekara biyar ina karatu a Indiya. A taron iyaye na fita amsa waya, na dawo na tarar ana tafa mini. Wai tunda na ga duniya, ni ne shugaban kwamitin shiri. Aikin shugaba shi ne ya samo abin da babu.

Bencin na maƙwabcina ne, Baba Yelwa, dillalin shanu. Da na je aro bai ba ni ba sai da ya yi mini nasa awon.

"Dalhatu, wai me za a auna?"

"Ƙwaƙwalwa, Baba."

"Da me?"

"Da na'ura."

"Mu a zamaninmu hedimasta zai ce ɗora hannu bisa kanka ka kamo kunnenka na ɗaya gefen. Ka kamo, ka shiga. Ba ka kamo ba, ka koma gida ka ƙara cin tuwo. Ba otal, ba mota, ba caja. Da wannan awon aka samu likitoci."

"Da shi aka same ku, Baba."

"Ni na kamo kunnen sarai. Karatun ne bai kamo ni ba. Bencin nan ka dawo mini da su kafin Laraba, ranar kasuwa ce, a kansu masu saye ke zama."

Abin da Baba Yelwa ya manta shi ne, har bara da kunne ake awo a makarantarmu, kuma shi ya mayar da Fanna gida. Ƙarama ce a jiki. Yatsanta ya tsaya saura ƙiris. Shekara guda tana tsayawa a bakin zaure da safe tana kallon sa'o'inta suna wucewa da jaka. Kowane wata tana gwadawa a gaban madubin kakarta. Bana hannu ya kai. Sai aka canza awo.

Fanna 'yar fari ce. Tun da aka yaye ta take ɗakin Iya, mahaifiyata, kamar yadda aka saba. Na tafi tana koyon tafiya, na dawo tana share tsakar gida. Iya ta raine ta yadda aka raini Iya: yarinya ba ta kallon fuskar babban namiji, ba ta hawa kujera a gabansa, ba ta amsa masa sai da kai, kuma ko da wasa ba ta kama sunan ubanta. A ɗakin Iya kuwa, an ce rediyo ce. An ce, don ni ban taɓa ji ba. Da an ji ƙarar takalmina sai a kashe rediyon.

To, ga tambayoyin na'ura kamar yadda Malam Adamu ya kwafo su a bita. Yaya sunanka. Yaya sunan babanka. Ƙirga murafen kwalba biyar. Faɗi launi. Faɗi sunan dabbar da ke hoto. A ƙasa kuma akwai gurbi: shin yaron yana kallon fuskar mai tambaya? Wanda ya rubuta wannan bai taɓa shiga gidanmu ba.

Na ce bari in fara daga gida. Wata la'asar na kira ta.

"Fanna, yaya sunana?"

Kai a ƙasa.

"Ki ce Dalhatu."

Iya tana gefe tana tsinke zogale. Ta ɗago.

"Me ka ce ta ce?"

"Tambayar hukuma ce, Iya."

"Hukumar ba ta da uba ne? Shekara biyar kana can, abin da ka koyo ke nan, yarinya ta kira ubanta gatsal kamar mai tsayar da keke? To kai faɗi sunana in ji."

Na sunkuyar da kai.

"Ka gani. Kai ma ka faɗi awon. Ka dawo baɗi."

Darasin gida ya ƙare a nan.

A makaranta shiri ya kankama. Mako biyu Malam Adamu yana tara sababbin yara tamanin a ƙarƙashin dogonyaro, yana ɗaga takarda mai launi.

"Wannan wane launi?"

"JA!"

Ana jin su har unguwar Dogo Tebo. Madam Sabina, wadda ta zo daga Binuwai ta shekara ashirin da biyu tana riƙe da aji ɗaya, har tana gaisawa da iyaye da Bolanci da Karekare, ta tsaya da hannu a ƙugu tana kallo.

"Hedimasta, takardar ta ce kada a koya wa yara amsa. So ake a ga yadda suka zo daga gida."

"Madam, shekara ashirin da takwas ina aikin nan. Ban taɓa ganin babba ya zo daga sama an nuna masa makaranta yadda take ba. Rashin ladabi ne. Ke ma in baƙo zai zo gidanki ai kina shara."

A taro kowa zaki ne. Da aka fara kiran su ɗaya-ɗaya cikin ofis, sai aka ga gaskiya. Yara goma sha bakwai ba su buɗe baki ba. Wasu suka kalli ƙasa, wasu suka tauna wuyan riga. Fanna ta durƙusa ta gaishe da hedimasta da kai, ta tsaya a haka har aka sallame ta.

Malam Adamu ba mutum ne da ke rasa dabara ba. Ya sari karan dawa daidai tsayin ɗan aji ɗaya, ya shiga aji uku da shi. Duk wanda kansa bai wuce kara ba, ya fito. Ya samu gajeru goma sha bakwai. Aka rubuta wa kowanne sabon sunansa a tafin hannu da biro mai tambari.

"Shara ke nan?" in ji Madam Sabina. "Ni dai shara nake yi, ba na aron 'ya'ya."

Bai kula ta ba. Ni ya ja gefe.

"Malam Dalhatu, sunan 'yarka ne zai shiga na'ura. Wa ya ce sai da ita kanta? Ga Ummul-Khair nan, shekararta tara amma ko kara ba ta kai ba. Ta amsa, Fanna ta samu wuri, makaranta ta fita kunya. Wa aka cuta?"

Na ce zan yi tunani. Ba zan yi muku ƙarya ba, tunanin ya fi karkata ga amincewa. Wata shekara a bakin zaure ba wasa ba ce.

A haka muka zo Litinin ɗin nan da ƙyaure ya faɗi a titi. Muka yi wa bangon da ke fuskantar hanya fenti. Fentin ya ƙare a rabin taga. Muka rataye agogo, Malam Adamu ya juya hannayensa zuwa goma da minti goma don ya ce haka ya fi kyau a hoto. Furen roba ya hau tebur. Sai na zo kafa ƙyaure a aji ɗaya. Ƙusa goma sha biyu na ciro daga ɗakina. Na zube su a ƙasa na ƙirga, goma sha ɗaya. Na sake lalube aljihu. Ina cikin haka sai hannu ya miƙo ta gefena. Fanna ce, kai a sunkuye, ta buɗe tafinta. Ga ta goma sha biyu. Tun a titi ta tsince ta, kuma ta jira sai da ta ga lissafina bai cika ba.

Na buga ƙusar, na je ofis.

"Malam Adamu, a goge sunanta a hannun Ummul-Khair. Fanna ce za ta shiga da kanta."

"In ta yi shiru, baɗi ke nan."

"Na ji."

Talata aka ce ƙarfe tara. Yara suka jeru tun takwas da wankakkun riguna. Ƙarfe ɗaya motoci uku suka shigo: ɗaya ta Yallaɓai Wakilin Sarkin Awo, ɗaya ta masu ɗaukar hoto, ɗaya ta masu buɗe wa Yallaɓai ƙofa. Motar caja ba ta cikinsu. Yallaɓai ya yi jawabi na minti arba'in yana cikin inuwa, yara suna rana, ya bayyana mana cewa yara suna da muhimmanci ƙwarai. Muka tafa, don ba mu sani ba sai ranar. Aka yi hoto a gaban shuɗin bango, aka tsayar da mai ƙiba a daidai inda fenti ya ƙare. Yallaɓai ya leƙa aji, ya ga agogo.

"Goma da minti goma. Ashe ma ba mu makara sosai ba."

Muka ce ranka ya daɗe, ai da wuri kuka zo.

Motoci uku suka tafi. Suka bar mana mutum ɗaya, shi ne mai aikin: wani saurayi siriri, Malam Abubakar Sadiq, wanda makarantarmu ce ta bakwai da ya auna, kuma daga gani bai ci abincin rana ba. Ya duba tabulet, ya duba kwali, bai yi mamaki ba. Ya ciro cajar wayarsa daga aljihu. Wuta muka jawo daga janareton mai aski na tsallaken hanya, wayar ta bi ta ƙarƙashin ƙyaure. Soket ɗin ya saki, sai an danne kan cajar da yatsa. Shugaban kwamiti ya samu aiki. Na tsuguna a kusurwar aji, yatsana a kan caja.

Malam Adamu ya jera yaran da kansa, kuma ya fara da 'yan aro, don a ga kyakkyawar fuska tun farko.

Ta farko ta shigo ta hau benci.

"Yaya sunanki?"

Ta buɗe tafin hannu ta duba. "Sharifa."

Aka zuba mata murafen kwalba. "Biyar ne. In an ƙara biyar, goma. In an raba biyu, saura ɗaya."

Na biyu ya faɗi launuka duka, har da wanda ba a nuna masa ba. Ta uku Ummul-Khair ce, wadda yanzu ta zama Falmata. Ta miƙa wuya ta leƙa na'urar, ta karanta tambaya ta gaba tun kafin a yi mata, ta amsa.

Malam Abubakar Sadiq ya dubi haƙoranta, manya-manya, sun gama fitowa tuni. Makaranta bakwai ya gani. Ya ajiye na'urar ya juya ga hedimasta, wanda ke tsaye yana murmushi.

"Barka, Malam. Yaran nan naku da karatunsu suka zo. Irin wannan makaranta ba ta cikin waɗanda za a ba ƙarin malami."

"Wane ƙarin malami?"

"Ai shi ne amfanin awon. Inda aka ga yara sun zo da rauni, can za a tura ƙarin malami da littattafai, har da gyaran aji. Yana bayan takardar."

Malam Adamu ya ciro takardar daga jaka mai tambari ya juya ta. Fari fat. Kwana uku a otal, da shayi safe da yamma, amma mai buga takardu gaba kawai ya buga.

"Kuma," in ji saurayin, "bayan shekara uku za a dawo a sake auna waɗannan yaran, a ga me kuka ƙara musu."

"Su kuma a lokacin sun gama firamare," in ji Madam Sabina daga bakin ƙofa.

"A goge," in ji Malam Adamu.

"Ba ta gogewa. Ya riga ya tafi sama."

Ban taɓa ganin mutum ya juya da sauri haka ba. Ya fita da gudu, ya kora sauran gajerun zuwa aji uku kamar mai korar kaji. Muna jin muryarsa a tsakar makaranta: "Ina masu shirun nan? Ina yaran kirkin nan? A kawo Fanna!"

Ya shigo da ita da kansa, ya sunkuyo inda nake tsugune.

"Malam Dalhatu, 'yarka mai tarbiyya ce, Allah ya yi mata albarka. A bar ta yadda take. Shiru goma sha huɗun da ya rage zai iya kawo mana rufi."

"Ita kuma ta koma gida."

"Shekara ɗaya ce. Rufi shekara ashirin ne, kuma kan yara ɗari."

Ba ƙarya ya yi ba, shi ya sa abin ya fi ba ni haushi.

Fanna ta cire silifas a bakin ƙofa. Aka nuna mata benci, ta durƙusa a gefensa.

"Yaya sunanki?"

Shiru.

"Yarinya, sunanki?"

Ta ƙura wa ƙafar benci ido. Ya zuba murafen kwalba a gabanta, ba ta motsa ba. Ya nuna ja, ya nuna kore. Ina jin ƙarar janareton mai aski, ina jin numfashin Malam Adamu. Saurayin ya dube ni, ya dubi na'ura, yatsansa ya nufi gurbin nan na baɗi.

"Dakata, ɗana." Madam Sabina ce ta shigo. "Malam Dalhatu, fita."

"Ni ke riƙe da wuta."

"Ba ni. Na riƙe aji ɗaya shekara ashirin da biyu, zan iya riƙe caja. Hedimasta, kai ma fita. Kai kuma ɗana, juya kujerarka ka kalli taga. Ka yi tambayarka, kada ka waiwayo."

"Madam, fom ya ce a duba ko tana kallon fuskata."

"Rubuta ba ta kallo. Ta ƙoshi da tarbiyya ne. Ci gaba."

Ta zauna a ƙasa kusa da yarinyar, yatsa a kan caja, ta miƙa ƙafa ta tura ƙyauren. Ya rufe a fuskata.

Ƙyaurena ne, na san inda ya tsage. Na kafa kunne.

"Yaya sunanki?"

Aka ɗan jima. Sai wata ƙaramar murya, a shaƙe: "Fanna."

Malam Adamu ya cire hula mai tambari.

"Murafen nan nawa ne?"

"Biyar. Amma ɗaya a lanƙwashe yake, ba ya yin wasa."

"Wannan launin fa?"

"Ja. Irin zanen Iya na Juma'a. Wancan kore ne, amma ya koɗe."

Murya tana ƙara fitowa. Rediyon da ake ba ni labari ke nan.

"Wace dabba ce wannan?"

"Ban sani ba."

"Tunkiya ce."

"Ba tunkiya ba ce. Tunkiya ba ta da gashi haka kamar katifa, kuma ƙafarta doguwa ce. Wannan ko an kai ta kasuwa ranar Laraba ba wanda zai taya. Baba Yelwa zai ce ba ta da lafiya. Mu tamu ta haifi biyu, ɗaya ya ci leda ya mutu, ɗayan..."

Muka ji dariyar saurayin, ta farko tun zuwansa. A gefena Malam Adamu yana murza hula.

"Rufinmu ke nan yake tafiya," in ji shi.

"Saura ɗaya," in ji mai tambaya. "Yaya sunan babanki?"

Rediyo ta mutu. Na ƙirga numfashina.

"Baban Fanna."

"Sunansa na gaskiya."

"Iya ta ce ba a faɗa. Yana bayan ƙyaure, ga ƙafarsa nan ta ƙasa. Ka tambaye shi."

Na ja ƙafata baya. Ashe tun ɗazu ta san ina nan. Ba nesa take buƙata ba, ƙyaure take buƙata.

Da aka buɗe, ta fito ta gan ni, ta sunkuyar da kai, ta sa silifas ta wuce. Malam Abubakar Sadiq ya nuna mini fuskar na'urar. Ja a wuri uku: ba ta san tunkiya ba, ba ta san sunan ubanta ba, ba ta kallon mutane. Haka aka rubuta 'yata aka aika sama, inda wani mai sanyin ofis zai karanta ya girgiza kai don tausayin 'ya'yan Potiskum. Gurbin baɗi kuwa babu komai a cikinsa.

Sauran goma sha ukun da 'yan aro ba su shiga da sunansu ba, haka Madam ta bi da su, mai tambaya yana kallon taga, ita tana ƙasa. Duka suka yi magana. Biyu da Karekare suka amsa, ta fassara. Wasu ba su san kore ba, wasu sun tsaya a uku, kuma kowane kuskure Malam Adamu yana bayan ƙyaure yana cewa alhamdu lillahi. Ragowar yaran kwana biyu aka yi ana auna su a kan tabarma, don Baba Yelwa ya aiko ɗaukar bencinsa tun asubar Laraba. Ko rufi zai zo, ko ƙarin malami, an ce za a ji. Ina kyautata zaton suna mota ɗaya da caja.

Na ba Iya labari. Ta ce, "Ta faɗi sunan?" Na ce a'a. Ta ce, "To ta ci," ta ci gaba da tsinkar zogalenta.

Litinin da ta biyo baya na kai Fanna da jakarta. Na tafi da guduma, don mako guda ke nan ina kwana da labule, kuma uwar Fanna ta ce in kaza ta sake shiga mata ɗaki, ni da kwamitina mu nemi wurin kwana. Na tarar da awaki uku a tsaye a ƙofar aji ɗaya, karo na farko a shekara uku an hana su darasi. A ciki yara suna zaune a ƙasa, Fanna a layin gaba. Agogo yana nan a goma da minti goma, don haka duk ranar da Yallaɓai ya ga damar dawowa, bai makara ba.

Madam Sabina ta dubi gudumar, ta dube ni.

"Akwai abin da ka manta ne, Malam Dalhatu?"

Ba ta jira amsa ba, ta tura ƙyauren ya rufe. Ban kai ga juyawa ba na ji an kunna rediyo a ciki, ana yi wa wata yarinya bayanin yadda tunkiya take.

Na tsaya ni da awakin. Sai na sa guduma a aljihu. Gurbin sunana ya zauna da jansa, ba zan sake koya mata ba. Ƙyauren ma ba zan cire ba, ya samu aji. Ni labule ya ishe ni har ranar da cajar nan za ta iso.